Janyewar Ruwan Tabkin Kainji da Gazawar Tsofaffin Injinan Ban Ruwa a Yankin Ngaski

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dalilin da ya sa tsofaffin injinan ban ruwa ke rage ƙarfi a ƙarshen rani a gaɓar Tabkin Kainji. Ta hanyar ƙa'idojin gudanar ruwa cikin bututu, ta nuna cewa galibin abin da ake ɗora wa inji laifinsa daga ɓangaren zuƙo ruwa yake tasowa, maganinsa kuwa sake tsara mesa ne kafin a kwance inji.

Gabatarwa

An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan da ta tare ya zama tabki mai tsawon kimanin kilomita 136, aka kuma sake tsugunar da mutane kusan 44,000. Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, tana gaɓar gabas. Ƙananan injinan fetur masu baki inci 2 da inci 3 sun bazu a fadamun Arewa musamman a zamanin shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, kuma da irinsu ake noman rani na shinkafa da albasa daga Shanga zuwa Yauri har Ngaski.

Tabkin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Farin ruwa na damina yana cika shi daga wajen Agusta, baƙin ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya iso a watannin sanyi ya riƙe shi. Daga nan sai ya soma sauka, domin ana ta sakin ruwa don samar da lantarki. Tazarar cikarsa da ƙarancinsa takan kai kusan mita 10 a shekara. Saukar kuwa tana faɗowa ne daidai lokacin bazara, sa'ad da shuka ta fi ƙishirwa.

Inda matsalar take

Famfon da ke jikin waɗannan injina ba ya janyo ruwa da ƙarfinsa. Farfelar ciki tana rage matsi ne a bakin shiga, nauyin iskar sarari ya turo ruwan zuwa sama ta cikin mesa. Iyakar wannan turi kimanin mita 10 ne a lissafi, a aikace kuwa bai cika wuce 7 zuwa 8 ba, kuma tun kafin a kai can yawan ruwan da ke fita ya riga ya ragu sosai. Komai lafiyar kabireta da fulogi, wannan iyaka ba ta gushewa.

A gaɓa mai shimfiɗa, saukar mita ɗaya kan mayar da bakin ruwa nesa ƙwarai: in gangaren 1 cikin 50 ne, ruwan ya ja da baya mita 50 ke nan. Abin da ya fi sauƙi ga manomi shi ne ya bar inji inda yake, ya ƙara guntun mesa ya ɗaure mahaɗin da robar taya, wani lokaci ma mesar siririya ce wadda ta samu. Nan ɓarnar take. Asarar matsi ta gogayya tana ƙaruwa da tsawon mesa, amma faɗi ya fi tasiri nesa ba kusa ba: sauka daga inci 3 zuwa inci 2 yana ninka asarar fiye da sau 7 in yawan ruwan bai canja ba. Kowane mahaɗi kuma ƙofa ce ga iska. Hudar da ke ɓangaren zuƙa ba ta ɗigar da ruwa yayin aiki, iska take shaƙa, shi ya sa ido ba ya kama ta.

Idan matsi ya faɗi ƙasa ainun, ruwa yakan yi ƴan kumfa na tururi a bakin farfela, su fashe a jikinta, a ji ƙara kamar ana markaɗa tsakuwa. Da daɗewa farfelar ta yi ramuka. Makanikin da ya buɗe ya gan ta haka zai canja ta, ba laifinsa ba ne, sai dai sabuwar ma haka za ta ƙare.

Bincike da sake haɗi

Tsarin da ya dace shi ne a soma daga bakin ruwa. A ɗago rariyar mesa a cire kainuwa da laka. A cika cikin famfo ta murfin sama a ɗan saurara: in ruwan ya zurare, bawul ɗin da ke hana shi komawa ya lalace, ko sil ɗin da ke tsakanin famfo da inji ya ƙone, abin da barin famfo ya yi aiki a bushe ke haddasawa. Sannan a tayar da inji a riƙa kwarara ruwa a kan mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Inda fitar ruwa ta gyaru na ɗan lokaci, nan iska ke shiga.

Wajen sake haɗi, inji ne zai bi ruwa. Mesar zuƙa ta kasance guda ɗaya, gajeriya, mai kauri da ba ta lotsewa, faɗinta daidai da bakin famfo, tana hawa a miƙe ba tare da ƙusumbin da iska za ta taru ba. A ɗaure ta da kilif na ƙarfe a kan roba mai kyau. Rariya ta nutse sosai amma kada ta kwanta a laka. Ana iya rataye ta jikin jarka mai iyo. Duk ƙarin tsawo a yi shi a tiyon fitarwa, inda huda take nuna kanta da feshi. Inda tsauri ya ƙare aka shiga taɓo, sai a haƙa ƴar kwata ta kawo ruwan kusa da inji, a riƙa zurfafa ta yadda tabkin ke sauka har zuwa faɗuwar damina.