Lanzarote: inabin da ake nomawa cikin toka

 Yau tarihin Lanzarote na kawo muku, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, kimanin kilomita 125 daga gaɓar Maroko.

Ranar 1 ga Satumba 1730 ƙasa ta tsage a yankin Timanfaya, narkakken dutse ya yi ta malala har 1736. Ƙauyuka suka binne, gonakin hatsi suka koma baƙin dutse, jama'a da yawa suka yi ƙaura.

Ni waɗanda suka ƙi tashi ne suka fi burge ni. A La Geria suka lura tokar nan tana riƙe raɓar dare, a wurin da ruwan shekara bai fi milimita 150 ba. Sai manomi ya haƙa rami kamar ƙwarya har ya iske tsohuwar ƙasa, ya dasa inabi, ya kāre shi daga iska da gajeriyar katangar duwatsu. Raƙuma ne suka yi dakon aikin, asalinsu daga gaɓar Sahara aka kawo su tare da bayi. Giya ake yi da inabin, ana ce masa Malvasia. Mu ba mashayanta ba ne, amma kai, noman nan abin a jinjina ne!

Can kudu kuma akwai keɓantattun bakin teku na Papagayo, hanyarsu ko kwalta babu. Nan kusa Jean de Béthencourt ya kafa sansani a 1402, mafarin mamayar Turawa a tsibiran.