Ganuwar Kan Dutse: Tarihin da Ake Gani Ba Tare da Tikiti Ba

Gabatarwa

A ƙasar Jamus, cikin lardin Babariya, akwai wata fada a kan tsauni da ake kira Noishiwanshitain, wadda mutane fiye da miliyan ɗaya sukan ziyarta a shekara. Wanda ke son shiga cikinta sai ya sayi tikiti mai ɗauke da lokacinsa, ya bi ɗan rakiya na kimanin rabin sa'a. Wanda bai samu tikiti ba kuwa, sai ya hau tsaunin da ƙafa, ya kewaya ginin ta waje, ya koma gida. A wannan ɗan rubutu ina so in kwatanta irin wannan fada da duwatsun tarihi na ƙasarmu, waɗanda ake hawa kyauta, domin mu ga abin da wannan kyauta take jawo mana.

Fadar da ba ta taɓa ganin yaƙi ba

Sarki Ludwig na Biyu ne ya aza harsashin Noishiwanshitain a 1869, a zamanin da igwa ta riga ta kashe amfanin ganuwa a Turai. Ya gina ta ne don sha'awa, ya kuma rasu a 1886 ba a gama ta ba. Bayan 'yan makonni da rasuwarsa aka buɗe ta ga masu biyan kuɗi, kuma a 2025 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya. Mu ma muna da ƙanwarta a Kajuru ta Jihar Kaduna, wadda wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980, ita ma sai da izini da biyan kuɗi ake shiga. Dukkansu biyu ba wanda ya taɓa fakewa a cikinsu don gudun mahara. Ado ne kawai da siffar ganuwa.

Me ya kai kakanninmu gindin dutse?

Duk wanda ya taso a tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kamar yadda na taso, ya saba ganin manyan duwatsu sun yi tsiri a tsakiyar gonakin auduga da masara. Farfesa Abdullahi Smith, a wata maƙala tasa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ya jawo hankali ga muhimmancin irin waɗannan duwatsu wajen kafuwar birane. Dalilan kuwa a fili suke. Ruwan sama yakan gangaro ya taru a gindin dutse, saboda haka ƙasar wurin takan yi dausayi. A wasu wuraren akan sami tama ta yin ƙarfe. Mutanen da kuma sun ɗauki dutse mazaunin iskoki, kamar yadda tarihin Kano ya nuna game da Dala da Barbushe da Tsumburbura. Uwa uba, doki ba ya hawan dutse, ga shi kuwa doki shi ne ƙarfin mayaƙan wancan zamani.

Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa kudancin Katsina na da tsofaffin garuruwa masu sarautunsu, irin su Maska da Gozaki da Kogo, da kuma Kwatarkwashi wadda a yau take Jihar Zamfara, a gindin wani gawurtaccen dutse kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka kafu a Maraɗi, suka yi ta kawo hari cikin ƙarni na 19. A irin wannan hali ganuwa da dutse su ne rai.

Da Turawa suka zo, hare-hare suka lafa, sai mutane suka bi hanya da kasuwa. Sarkin Maska ya koma Funtuwa da zama, shi ya sa har yau hakimin Funtuwa ke riƙe da wannan sarauta. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga ya bunƙasa, tsofaffin birane suka koma ƙauyuka.

Hawan Kufena

Masu hikima sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ni da wasu 'yan ajinmu muka shiga mota zuwa Zariya don mu hau Kufena, dutsen da ke yamma da birni, kusa da Wusasa. Shi ne mafi shahara a cikin duwatsu masu ganuwa da ke kusa da mu, kuma ruwaya tana danganta ganuwarsa da Amina 'yar Bakwa Turunku, a ƙarni na 16. Masanin tarihi Sutton ya nazarci ganuwoyin Zariya da Kufena a shekarun 1970.

Ba wanda ya tambaye mu tikiti. Wani dattijo muka tarar yana aiki a gonarsa, muka durƙusa muka gaishe shi.

"Baba, ta ina ake hawa?"

"Samari, ku bi ta inda awaki suke bi, sun fi ku sanin hanya. Amma ku sauko kafin dutse ya yi zafi."

Daga sama ne mutum yake gane hikimar magabata. Ido yakan kai nesa ta kowace kusurwa, ta yadda ƙurar dawaki ba za ta taso ba a gan ta ba. A ƙasa kuma ana hango sauran ganuwa kamar doguwar kunya, ta bayyana a nan, ta ɓace cikin gona a can. Da ma an yi ta da faɗi ne don ta haɗa gonaki da ruwa, yadda ko an kewaye gari ba za a mutu da yunwa ba. Babu allo ko ɗan rakiya da zai gaya wa baƙo wannan. Wanda bai karanta ba, tudun ƙasa kawai zai gani.

Kammalawa

To, jama'a masu karatu, a nan gizo yake saƙa. Kuɗin tikiti ne ke biyan mai gadi da mai gyara da mai bayani a Noishiwanshitain. Namu kuwa, da yake ba mai karɓa, ba kuma mai tsaro. Ganuwar ƙasa ce, kowace damina tana cin rabonta, garma na ci, masu ɗibar ƙasar gini na ci. Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume a shekarun baya ya sa ɗalibai da yawa sun daina shiga ƙauyuka neman tarihi, alhali tsofaffin da suka ji labari daga bakin kakanninsu suna ta ƙarewa.

Ba ina kira a kafa shinge a Kufena ko Gozaki a hana talaka hawa ba ne. Roƙona ga 'yan wannan ƙungiya shi ne, kowa in ya je hutu ya nemi kufai ko ganuwar da ta fi kusa da garinsu, ya nemi izinin mai gari, ya auna ta da taku, ya rubuta sunayen ƙofofinta, ya ɗauki muryar dattawa, ya kawo wa Sashe a ajiye. Malamanmu kuma su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri. Allah ya sa mu dace, amin.