Daga Alƙalamin Malam zuwa Ƙirƙirarriyar Basira: Sana'ar Rubutu da Tafinta a Unguwar Kilomita Biyar

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen Bangui suke taƙaita sunanta da PK5 ko KM5 saboda nisanta daga tsakiyar birnin, tana cikin gunduma ta uku ta babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma ita ce cibiyar kasuwancinsa tun kafin ƙasar ta sami 'yancin kai a shekarar 1960. Faransawa ne suka kafa Bangui a 1889 a gaɓar kogin Ubangi, suka keɓe wa kansu bakin ruwa, 'yan ƙasa da baƙi kuwa suka yi ta yada zango a bayan gari, har wannan unguwa ta zama matattarar fatake Musulmi da suka biyo hanyoyin Adamawa da Cadi: Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Shuwa, daga baya kuma 'yan Senegal da Mali. Tarihin unguwar an fi ba da shi ta fuskar haja, wato shanu da atamfa da lu'ulu'u da kayan masarufi, amma akwai wata sana'a da ba ta da rumfa ta musamman a kasuwa alhali kusan duk ciniki yana bi ta hannunta, ita ce sana'ar mai tsayawa tsakanin harshe da harshe, da tsakanin baki da takarda.

Asalin wannan sana'a yana cikin tsarin zango, wanda Hausawa suka yaɗa daga Gwanja har zuwa Kwango. Baƙon falke yakan sauka a gidan mai masauki, wanda shi ne zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka ci bashi, kuma ya fassara masa maganar mutanen gari. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari yake aiki a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna cewa jarin mai gida na gaskiya shi ne amana da sanin mutane. A gefen mai masauki akwai malam, wanda ban da karantar da yara yake rubuta wasiƙu da Larabci ko da ajami, wato Hausa ko Fulatanci da baƙaƙen Larabci, ya kuma rubuta shaidar bashi da rabon gado. Ladansa ba a yanke shi kamar farashin haja, sadaka ce ko goro, amma da shi ake ci da iyali.

A Bangui buƙatar tafinta ta fi ta yawancin zangogi, domin harsunan da ke gogayya a wurin suna da yawa. Sango, wanda ya samo asali daga harshen masu kwale-kwale na kogin Ubangi, shi ne harshen titi da kasuwa, kuma a 1991 aka ɗaga shi ya zama harshen hukuma tare da Faransanci. Sai dai takardar kwastan da lasisin ciniki da ƙarar kotu da katin shaida duk da Faransanci ake rubuta su, a cikin gida kuwa ana Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Daga nan ne aka sami marubucin jama'a, irin wanda aka sani a duk ƙasashen da Faransa ta mallaka, mai zama kusa da gidan waya ko ofishin hukuma da teburinsa da keken rubutu, yana mai da koken wanda bai yi boko ba zuwa takardar da ma'aikaci zai karɓa. Abin da ake biyansa dominsa ya wuce iya rubutu, domin shi ne ya san wace kalma ke buɗe ƙofar wane ofis, da wanda ya kamata a aika wa takardar.

Zuwan wayar salula ya rage wasiƙar zumunta ƙwarai, tunda mai kati yana iya gaisawa da danginsa na Garwa ko Kano da bakinsa, amma sai ya haifar da wasu ƙananan sana'o'i a madadinta, kamar sayar da kati da cajin waya da gyaranta da tura kuɗi, da shagunan kwamfuta inda ake buga takarda a ɗauki kwafinta. Yawan dogaron da jama'a suka yi da waya ya fito fili a watan Yunin 2014, lokacin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta dakatar da saƙonnin tes a faɗin ƙasar na tsawon makonni saboda dalilan tsaro.

Wannan ya faru ne a tsakiyar masifar da ta fi kowace girgiza unguwar. Bayan ƙawancen 'yan tawaye na Seleka ya ƙwace Bangui a watan Maris na 2013, sai mayaƙan anti-balaka masu adawa da shi suka kawo hari a ranar 5 ga Disamba na wannan shekara, aka shiga kashe-kashen da suka kori dubban Musulmi zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma suka takure a Kilomita Biyar, ba shiga ba fita sai da kasada. Ziyarar da Fafaroma Francis ya kai babban masallacin unguwar a ranar 30 ga Nuwamba 2015 ta shahara a duniya, amma ɓarnar da ba a cika ambata ba ita ce ta takardu, domin mutane da yawa sun rasa shaidar haihuwa da ta mallakar fili, kuma Musulmin da ba shi da takarda yakan sha tambaya a kan ko shi ɗan ƙasa ne. A lokaci guda rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSCA da ƙungiyoyin agaji suka buƙaci tafintoci da masu cike fom, ta yadda tsohuwar sana'ar ta sake samun kasuwa cikin mawuyacin hali.

A kan wannan tarihi ne ya kamata a auna ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin kwamfuta da aka horar da ɗimbin rubutu da murya har suka iya fassara da tsara zance da amsa tambaya. Manhajar fassara ta Google ta karɓi Hausa a 2013, Sango da Fulatanci da Barbarci kuwa sai a 2024 suka shiga. Kamfanin Meta ya fitar da tsarin fassara tsakanin harsuna 200 a 2022, Hausa da Sango suna ciki, a ƙarshen Nuwamban wannan shekara kuma ChatGPT ya fito. Ayyukan da waɗannan kayan suka fi ƙwarewa a kansu su ne ainihin waɗanda marubucin jama'a ya gada: wasiƙar neman aiki, takardar farashi, saƙo zuwa ga mai kaya a Duwala ko Dubai ko Guangzhou, sanarwar talla, da taƙaita doguwar takardar hukuma ga wanda ba ya jin Faransanci. Matashin da ke da waya da injin buga takarda yana iya gama aikin yini cikin sa'a guda, kuma wannan ita ce hanyar cin abinci da ƙirƙirarriyar basira da ta fi kusa da mutanen unguwar, ta fi alkawuran samun dala daga kan gado da ake tallatawa a Facebook da TikTok.

Amma injin yana da gurgunta daidai inda ake buƙatarsa. Faransancinsa da Turancinsa suna da kyau, Hausarsa da dama-dama, Sangonsa kuwa rarrauna ne, saboda rubutun da ke akwai a harshen kaɗan ne kuma mai yawa daga cikinsa na coci ne, Larabcin Shuwa kuma harshen baki ne da ba a cika rubutawa ba. Haka nan yakan ƙirƙiro doka ko adadi ya faɗa da cikakken tabbaci, kuma kuskure ɗaya a takardar kwastan ya isa ya tsare mota a iyakar Garoua-Boulaï kwana da kwanaki. Saboda haka wanda bai iya harshen da zai duba abin da injin ya rubuta ba, bai cancanci karɓar kuɗin kowa da sunan tafinta ba.

Sai kuma matsalar wuta da sadarwa. Bangui ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwan Boali, kuma ɗauke wuta na sa'o'i abu ne na kullum, ko da yake tashoshin hasken rana na Sakai da Danzi da aka buɗe a 2023 sun ɗan rage wahalar. A shekarar 2023 ɗin ce kuma aka ƙaddamar da layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa ƙasar da Kamaru da Kwango, da tallafin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai. Ƙasar ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka ɗora buri a kan fasaha kafin a shimfiɗa mata hanya, domin a watan Afrilun 2022 ta ayyana Bitcoin a matsayin halastaccen kuɗi a lokacin da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun intanet, shekara guda bayan haka majalisa ta janye wajabcin karɓarsa, kasuwar Kilomita Biyar kuwa ba ta taɓa barin sefa ba.

Akwai wata ƙofa ta biyu ta cin abinci da ƙirƙirarriyar basira, ita ce sayar wa kamfanoni harshen kansa, wato naɗar murya da fassara jimloli da gyara amsoshin inji domin horar da shi. Mai jin Hausa da Sango da Faransanci a lokaci guda ba shi da yawa a duniya, amma a wannan unguwa yaran gida ne. Sai dai a nan ma akwai abin lura, domin mujallar Time ta bayyana a watan Janairun 2023 cewa ma'aikatan Kenya da suka tace rubutu domin ChatGPT ta hannun wani ɗan kwangila ana biyansu ƙasa da dala 2 a sa'a. Mai masauki na da shi yake yanke la'adarsa saboda babu mai maye gurbinsa, mai aikin horar da inji kuwa daga nesa ake yanke masa lada, kuma yakan sa hannu a yarjejeniyar da ta mallaka wa wani muryarsa har abada. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da malaman makarantun unguwar su koya wa matasa karanta irin wannan yarjejeniya da neman farashi a ƙungiyance, kafin masu neman muryoyin Sango da Hausa su iso da nasu sharuɗɗan.