Ɗalibin da ya riƙa fashin lakca, da abokin da ya zauna a aji



Akwai wani labari da masu ƙyuyar shiga aji ke matuƙar so. Sukan ce ai Albert Einstein ma bai cika zuwa lakca ba, amma ya doke kowa a jarrabawa, kuma ga inda duniya ta ajiye shi. Labarin yana da tushe, ba ƙage ba ne. Matsalarsa dai an datse shi ne a inda ya yi wa mai ba da shi daɗi. Tunda takardun makarantar suna nan, wasiƙun mutumin ma suna nan, bari mu bi shi daga farko.

A watan Oktoba na 1896 Einstein ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke birnin Zurik a ƙasar Suwizalan, yana ɗan shekara 17. Foliteknik ce, sai a 1911 aka sauya mata suna. Shekara guda kafin nan ya zauna jarrabawar shiga bai samu ba: ya yi fice a lissafi da fiziks, sauran darussan suka kayar da shi, aka tura shi wata sakandare a garin Aarau ya ƙarasa. Sashen da ya shiga na horar da malaman lissafi da fiziks ne, karatun shekara huɗu. Ajin ƙarami ne ƙwarai. Waɗanda suka kai ga jarrabawar ƙarshe tare da shi su huɗu ne: Marcel Grossmann, Louis Kollros, Jakob Ehrat, da mace guda, Mileva Marić, wadda daga baya ya aura. A ajin mutum biyar, in ɗaya bai zo ba, babu malamin da ke buƙatar kiran suna kafin ya gane.

Abu na farko da masu ba da labarin ke tsallakewa shi ne tsarin makarantar. A shekaru huɗun nan manyan jarrabawa biyu kacal ake yi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. Einstein da kansa ya rubuta a tsufansa cewa in ka cire waɗannan biyun, ɗalibi na iya yin kusan duk abin da ya ga dama. Wanda ya yi foliteknik a wajenmu ya san bambancin. Mu kowane zango da jarrabawarsa, ga gwajin tsakiyar zango, ga aikin gida, ga takardar sa hannu da ke zagaya aji, kuma duk suna shiga maki. Ɗalibin da ya kwaikwayi Einstein a irin wannan tsari, tun zangon farko zai ga sunansa a allon masu maimaici.

Na biyu, ina yake zuwa in bai shiga aji ba? Wani lokacin gidan shan gahawa, wani lokacin tuƙa ƙaramin jirgin ruwa a tafkin Zurik, wannan ba a musu. Amma mafi yawan lokacin yana ɗakinsa na haya ne yana karatu, ko yana ɗakin gwaje-gwaje. Babban malamin fiziks na makarantar, Heinrich Weber, gwani ne wajen koyarwa, kuma da farko Einstein yana yaba shi. Sai dai darasinsa ya tsaya a tsohon ilimi. Ƙa'idar James Clerk Maxwell game da lantarki da maganaɗisu da haske, wadda ita ce zancen masana a lokacin, ba ta cikin abin da Weber ke koyarwa. Sai yaron ya nemo littattafan Helmholtz da Kirchhoff da Hertz da Boltzmann ya zauna da su shi kaɗai, wani lokacin tare da Mileva. Wato ya bar aji ne ya tafi ga karatun da ya fi na ajin wuya. Duk wanda ke kafa hujja da shi, sai a fara tambayarsa wane littafi ya buɗe a ranar da bai je lakca ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, don shi aka fi mantawa. Akwai wanda ya zauna a ajin. Marcel Grossmann bai fashin lakca, kuma yana rubuta darasi cikin tsari da tsabta har ana iya kai littafinsa maɗaba'a yadda yake. Littattafan nan suna ajiye har yau a Zurik. In jarrabawa ta matso, sai Einstein ya are su ya duƙufa a kansu na 'yan watanni. A jarrabawar tsakiya, cikin Oktoban 1898, dabarar ta yi aiki fiye da yadda kowa ya zata: Einstein ya zo na ɗaya da maki 5.7 cikin 6, mai littafin ya zo na biyu da 5.6. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan ne masu labarin ke rufe baki su tashi.

Da sun ƙara haƙuri da sun ji abin da ya faru a 1899. Akwai darasin gwaje-gwaje na masu farawa da Farfesa Jean Pernet ke kula da shi. Einstein bai cika zuwa ba, kuma an ruwaito cewa in ya zo ma yakan jefar da takardar umarni ya yi gwajin ta hanyarsa. Pernet ya kai ƙara, hukumar makaranta ta rubuta masa gargaɗi a takardunsa saboda sakaci, aka ba shi maki 1, wanda babu ƙasa da shi. Tsakaninsa da Weber ma ta yi tsami. Ana cewa yana kiransa da sunansa kawai irin yadda ake kiran kowane mutum, bai haɗa da laƙabin farfesa ba, abin da a jami'o'in masu jin Jamusanci na wancan zamani ya yi daidai da ka wuce malaminka ba gaisuwa. Malamin lissafinsa kuwa, Hermann Minkowski, ya ɗauke shi malalaci ne kawai.

Sai jarrabawar ƙarshe, a watan Yulin 1900. Kollros ya sami 5.45, Grossmann 5.23, Ehrat 5.14, Einstein 4.91. Mileva ta sami 4.00, ba a ba ta difloma ba, ta sake zama a 1901 ba ta samu ba. Ke nan cikin huɗun da suka ci, wanda ya zo na ɗaya shekara biyu baya shi ne na ƙarshe. Ya kuma faɗa daga baya cewa haddar dole da ya yi wa wannan jarrabawa ta sa har tsawon shekara guda ba ya son jin zancen kimiyya.

Makin ba shi ne babbar asarar ba. A al'adar makarantar, wanda ya gama wannan sashe yakan sami gurbin mataimakin farfesa, daga nan ya yi digirin dakta ya bi hanyar koyarwa. Grossmann da Kollros da Ehrat duk sun samu. Einstein kaɗai aka bari. Weber bai ɗauke shi ba. Ya rubuta wa Farfesa Adolf Hurwitz na sashen lissafi yana neman gurbi, kuma a cikin wasiƙar dole ta sa ya amsa cewa bai halarci zaman ƙara wa juna sani na lissafi ba. Ku duba wannan hali: kana roƙon aiki wajen mutumin da ka ƙi zama gabansa. Bai samu ba. Kuɗin da dangin mahaifiyarsa ke aiko masa daga Italiya, faran 100 a wata, ya tsaya da gama karatu, kasuwancin mahaifinsa kuma ba ya tafiya daidai.

Cikin 1901 ya yi ta aika wasiƙu ga farfesoshi a Jamus da Holan da Italiya. Ɗaya daga cikinsu shi ne Wilhelm Ostwald na Leipzig. Da shiru ya yi yawa, mahaifinsa Hermann ya rubuta wa Ostwald a ɓoye, yana roƙon ko da 'yan kalmomin ƙarfafa gwiwa ne a aiko wa ɗansa, don yaron ya fara ganin kansa a matsayin nauyi a kan iyayensa. Ita ma ba a san an amsa ta ba. Abin dariyar shi ne wannan Ostwald ɗin ne mutum na farko da ya gabatar da sunan Einstein don kyautar Nobel, bayan shekara tara. A tsakani sai 'yan ayyukan wucin gadi: koyarwar riƙon ƙwarya a Winterthur, koyar da yaro a Schaffhausen, har da tallar darasin gida a jarida a birnin Bern.

Wa ya fitar da shi? Grossmann ne dai. Ya yi wa mahaifinsa magana, mahaifin ya yi wa Friedrich Haller magana, shugaban ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Suwizalan. A watan Yunin 1902 Einstein ya fara aiki a can a matsayi na uku, mafi ƙanƙanta cikin masu duba takardun fasaha, da albashin faran 3,500 a shekara. Kusan shekara biyu ke nan da gama makaranta. A wannan ofishi yake lokacin da ya fitar da maƙalun nan na 1905 da suka girgiza fiziks, kuma kundin digirinsa na dakta na wannan shekara ya sadaukar da shi ne ga Marcel Grossmann.

A nan zan ɗan ratse, tunda mu masu koyon rubutu ne. In muka ɗauki rayuwar wani za mu rubuta, jarabar da ke kama mu ita ce mu bar tauraro shi kaɗai a fili, mu share duk wanda ya riƙe masa tsani. Labarin yakan fi zaƙi haka, amma yakan zama ƙarya ko da kowace jimla a cikinsa gaskiya ce. Ni a ganina Grossmann ne ya sa wannan labari ya cancanci a rubuta shi, don in babu shi abin da ya rage kirari ne kawai.

Kuma bashin ajin bai ƙare da samun aiki ba. Dalilin da Einstein ya bayar na sakaci da lissafi shi ne ya ga fannin ya rarrabu gida-gida, kowane gida zai iya cinye rayuwar mutum, shi kuwa a lokacin yana ganin mai fiziks ba ya buƙatar zurfafa a ciki. A 1908 Minkowski, malamin da ya guje wa, ya ɗauki ƙa'idar Einstein ta 1905 ya sake zuba ta cikin lissafin da ya haɗa sarari da lokaci wuri guda. Einstein da farko ya ɗauki abin a matsayin burgar masu lissafi. Minkowski ya rasu a farkon 1909, bai ga ranar da tsohon ɗalibin nasa ya dawo kan wannan hanya ba.

Ranar ta zo a 1912. Einstein yana ƙoƙarin faɗaɗa ƙa'idarsa ta haɗa da ƙarfin da ke jawo abubuwa zuwa ga juna, wanda ke riƙe da duniya a kewayen rana. Ya gane cewa sararin samaniya kansa yana lanƙwashewa, amma ba shi da lissafin da zai bayyana lanƙwasar. A watan Agusta ya baro Prague ya koma tsohuwar makarantarsa a matsayin farfesa, kuma Grossmann, wanda a lokacin farfesan lissafin siffofi ne a can, yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin dawo da shi. Wajensa ya nufa da matsalar. Grossmann ya shiga ɗakin karatu ya tono masa aikin Bernhard Riemann da na Italiyawa biyu, Ricci da Levi-Civita. Mutumin da ya riga ya yi suna a Turai ya koma ɗalibi yana ɗan shekara 33. A wata wasiƙa da ya aika wa Arnold Sommerfeld a ƙarshen wannan shekara ya ce bai taɓa shan wahalar aiki irin wannan ba, kuma yanzu ya san girman lissafi, wanda a da yake ɗaukar sassansa masu zurfi a matsayin ado. A 1913 suka fitar da maƙala tare, Einstein ya rubuta ɓangaren fiziks, Grossmann ya rubuta na lissafi. Ba ta kai ga gaci ba. Sai a Nuwamban 1915, a Berlin, Einstein ya kammala ƙa'idar.

Ba wanda zai iya cewa da ya zauna a ajin Minkowski da ya gama aikin da wuri, kuma mai yiwuwa da ya bi Weber sau da ƙafa da bai karanta Maxwell a kan lokaci ba. Karatun ɗakinsa ya haifi 1905, wannan a fili yake. Abin da ya bari a aji kuma ya biyo shi har bayan shekara goma sha biyu.

Grossmann ya kamu da ciwon jijiyoyi mai shanye jiki a hankali, ya bar koyarwa a 1927, ya rasu a 1936. Einstein ya rubuta wa matarsa ta'aziyya daga Amurka, ya tuna zamanin ɗalibtarsu: shi Grossmann ɗalibi ne abin koyi da malamai ke so, shi kuwa mai mafarki ne marar tsari da ba a cika ƙauna ba, kuma da aka gama makaranta kowa ya juya masa baya sai wannan aboki. A 1955, 'yan makonni kafin rasuwarsa, aka nemi ya rubuta wani abu don bikin cikar makarantar shekara ɗari. Ya rubuta 'yan shafuka na tuna baya, ya ambaci littattafan darasin da ya ara, ya ce ba ya ma son ya yi tunanin yadda zai ƙare da babu su. Tun 1975 masana wannan fanni suke wani babban taro na duniya, kusan duk bayan shekara uku, da sunan Marcel Grossmann.