Daga Tsirkiyar Kalangu Zuwa Linzamin Kwamfuta: Tarihin Kiɗan Biki a Jega, Aliero da Maiyama

Bayan an kwashe albasa a bana na je Aliero gaisuwa, na tarar da 'ya'yan ƙanwata biyu suna gardama a zaure har jijiyar wuya ta tashi. Babban ya sayar da buhunansa, yana son ya tafi Kano ya sayo sabon fiyano na Yamaha don kiɗan biki. Ƙaramin, wanda ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, yana cewa zubar da kuɗi ne. "Yaya, duk abin da ke cikin akwatin nan yana cikin kwamfutata, kuma nan da 'yan shekaru wayar hannu za ta yi shi duka." Da suka gan ni sai suka ce, "Kawu, raba mu." Na ce su fara ba ni ruwa, domin gardamar nan ta girme su. Na ji ta da kunnena a Jega tun ana goyon babban cikinsu.

Jega garin kasuwa ne tun zamanin Daular Usmaniyya, lokacin da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ke yada zango a bakin gulbin Zamfara. Inda kasuwa ta cika kuwa akwai mahauta, inda mahauta suke akwai kalangu, domin asali kiɗansu ne. Maƙwabcinmu a unguwa makaɗin Sarkin Fawa ne, kuma a ƙofar gidansa na fara sanin yadda sauti ke fita daga ice da fata. Yakan ɗora kangon a cinya, wanda aka sassaƙa shi da siririn ƙugu da baki biyu, ya rufe kowane baki da fata mai laushi, sannan ya bi da tsirkiya daga wannan baki zuwa wancan, yana ja yana saurare. In ya rataya shi ya matse tsirkiyar a hammata sai muryar ta hau sama, in ya sassauta ta sauko. Da wannan hawa da sauka ne kalangu ke magana, saboda Hausa harshe ne mai karin sauti. Da sanyin safiya fatar takan saki, sai ya kai ta rana ko kusa da wuta kafin ta yarda ta yi magana. Kayan kiɗa ne mai jin yanayi kamar jikin mutum.

Ƙasarmu ba ta yi talaucin makaɗa ba. Daga Fagada ta ƙasar Maiyama marigayi Muhammadu Gambu ya fito, wanda waƙoƙinsa na ɓarayi suka zagaye ƙasar Hausa kafin ya ajiye su a ƙarshen rayuwarsa. A Yawuri akwai Sani Aliyu Ɗandawo, ga kuma kotson Musa Ɗanƙwairo da kalangun Mamman Shata da muke ji a Rima Radiyo ta Sakkwato. Kowanensu yana tafe da jama'a: masu kiɗa, 'yan amshi, sanƙira mai fassara kirari. Waƙa ɗaya tana ciyar da gidaje da yawa. Ko da kaset ya shigo, aka cika rumfunan kasuwar Jega da rikoda mai cin batir, bai kori kowa daga aiki ba. Kaset yana ɗauko abin da hannu ya riga ya kaɗa ne kawai. Ranar biki dole a aika wa makaɗi goron gayyata.

Canjin gaske ya zo ne da na'urar da ke ƙirƙirar sautin da kanta. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gani: Mamman Sani na Yamai ya sayo ogan mai aiki da lantarki, ya naɗi kaset da shi a 1978, kuma shekara da shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen gidan rediyo da talabijin na ƙasar. A 1983 kamfanonin Japan da Amurka suka daidaita a kan MIDI, hanyar da na'urorin kiɗa ke fahimtar juna, Casio da Yamaha kuma suka yi ta fitar da ƙananan fiyano masu araha. Ta Kano suka iso mu. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, masu shirya finafinai suka buƙaci kiɗa mai sauri da sauƙin kuɗi. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha samfurin PSR, sannan waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna cewa akwatin nan zai iya kwaikwayon ganga da sarewa har matan aure su yi rawa. Mutum ɗaya yana danna maɓalli, gangar cikin na'urar ta kama bugu ba gajiya, hannun hagu ya riƙe gindin kiɗa, na dama ya bi muryar mawaƙi. Aikin mutum bakwai ya koma hannun saurayi guda da janareta.

Ban manta daren da na fara ganinsa a filin biki a Jega ba. An kafa lasifika biyu a kan benci, yara sun yi dafifi, makaɗin Sarkin Fawa yana gefe da kalangunsa a kafaɗa, ba wanda ya waiwaye shi. Can sai ga gwaggon ango ta shigo da zugarta. A al'ada nan take za a saki kiɗan da ake yi a ɗauko takenta, a ambaci gidan da ta fito. Fiyano ya ci gaba da abin da yake yi. Tsohon ya matse tsirkiya ya kira ta da taken kakanta, matar ta tsaya cik, ta juyo, ta kwance bakin zane ta fara liƙa masa kuɗi a goshi. Da na raka shi gida ya ce mini, "Ɗana, wanga akwati na da murya, amma bai san kowa ba." Bai faɗa da haushi ba. Washegari ma ya je ya zauna kusa da yaron mai fiyano, ya nuna masa ɗan gargaren da ke gefen hagu, wanda in an murza shi sauti ke lanƙwasa, ya ce wannan ce tsirkiyarsa, ya koyi matsa ta.

Ba a daɗe ba shi ma fiyanon ya samu wanda zai ture shi. Manhajar Cubase ta Jamus, da FruityLoops ta Beljiyam wadda ta koma FL Studio a 2003, suka mayar da situdiyo ɗaki guda mai kwamfuta da makirufo. Auto-Tune, da ya fito a 1997 don gyara muryar da ta kauce, ya zama ado a waƙoƙin nanaye, har kunne ya saba da wannan rawar murya. Salon ya yi ƙarfin da Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, ya zo Sakkwato a 2008 ya naɗi kundinsa Anar da shi, waƙoƙin suka bazu a Sahel ta katin waya. Wayar salula da ta shigo Najeriya a 2001 ta kashe kasuwar kaset, masu tura waƙa a memori suka gaje rumfunan. Yaron da ya ture tsohon makaɗi, yau shi ne mai furfura, yana kukan cewa yaran yanzu ba su iya ɗora yatsa a kan fiyano ba, zane kawai suke yi da linzamin kwamfuta.

To wa ya fi gaskiya tsakanin 'ya'yan ƙanwata? Kowanensu ya riƙe wani gefe. Kwamfuta ta fi arha ga wanda ya riga ya mallake ta, tana ɗaukar sautuka ba iyaka, tana ba ka damar gyara kuskure sau ɗari. Ba don ita ba da yaron Maiyama ko Sambawa sai ya tara kuɗin mota zuwa Kano kafin a ji muryarsa. Amma ku kai ta filin biki a watan Afrilu, cikin zafi da ƙura da wutar janareta mai hawa da sauka, ku ga yadda take sandarewa ana tsakiyar rawa. Fiyano kuwa ka kunna ya kama, in maɓalli ya mutu mai gyaran rediyo a kasuwar Jega zai buɗe shi ya share. A ƙasashen da ake ƙera kayan kiɗan ma an yi kewar abin taɓawa: Korg ya dawo da tsohuwar na'urarsa MS-20 a 2013, Moog ya sake ƙera Minimoog a 2016, Behringer kuma yana ta fitar da kwafin tsofaffin na'urori da araha.

Hasashena shi ne ƙaramin zai ci gardamar situdiyo. Naɗar waƙa za ta ƙare a waya, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ta fara haɗa kiɗa da murya daga rubutu kaɗan. Babban kuma zai ci gardamar fili, domin muddin gwaggon ango za ta shigo ba sanarwa, ana buƙatar mai ido da hannu wanda zai juya kiɗa saboda ita. Abin da ke damuna ya wuce wannan rabo. Kusan shekara talatin ke nan muna aron gangar da aka naɗa a Japan muna kiranta kalangu, alhali masu kalangun na gaske suna tsufa a ƙauyukanmu, 'ya'yansu sun koma acaɓa. Sabuwar na'urar da nake jira, ko ta ƙarfe ce ko manhaja, ita ce wadda aka zuba wa sautin kotso da taushi da gangar noma daga hannun masu su, da sunayensu, aka kuma biya su haƙƙinsu.

Wannan na faɗa wa yaran, kuma na ce kada wanda ya kashe ko kwabo sai mun je Maiyama. Ranar Asabar muka ɗauki hanya, muka sauka gidan wani dattijo da har yanzu ke ɗaure kalangu. Ƙaramin ya kafa makirufo a zaure, ya roƙi a kama kaji don kada su shiga naɗin. Dattijon ya buga sau ɗaya, layin sauti ya tashi a fuskar kwamfuta, ya leƙa ya ce, "Ashe haka muryata take." Sai ya miƙa wa babban kalangun ya ce, "Saka a hammata, ɗana. Matsa a hankali, kada ka shaƙe shi." Har la'asar ta yi sanyi yaron yana neman hawa da saukar sunan mahaifiyarsa, ƙanensa yana naɗa.