Wasannin da Windows ta rufe wa ƙofa

Wanda ya sayi kwamfutar gwanjo yau a Walia, tsallaken kogin Shari, ya loda Prince of Persia na 1990, zai tarar wasan ya ƙi tashi. Ba lalacewa ya yi ba. Don MS-DOS aka rubuta shi, Windows mai bit 64 kuwa ba ta jin yaren manhajojin bit 16. Microsoft ta wuce abinta.

'Yan sa kai ne suka tsaya masa. A 2002 wasu 'yan Holan suka fitar da DOSBox kyauta, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. Sai a 2008 GOG na Foland ya buɗe shago, yana naɗe tsofaffin wasanni da ita yana karɓar dala.