Yadda ake haɗa rundunar yaƙi a ƙasar Kano kafin zuwan Turawa

Rundunar yaƙin Kano ta dā ba ta zaune a bariki tana jiran umarni. Sai yaƙi ya taso ake tattaro ta daga gidajen masu sarauta da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu, kowane hakimi ya san dawakin da zai kawo da dakarun da za su biyo shi. Ƙasashen noma masu cikar jama'a, irin na bakin kogin Watari da ya ratsa yankin Bagwai kafin ya zuba a Challawa, su ne rumbun da ake ɗebo mutane da hatsi da harawa.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an gina wannan tsari ne sannu a hankali. Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi aka danganta wa shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya fara fita da dawakin zage a yaƙinsa da Katsina, domin idan doki ya gaji ko ya faɗi a sauya wani nan take. An shigo da bindigogi a zamanin Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, sannan Babba Zaki ya zama sarki na farko da ya keɓe 'yan bindiga suna tsaron lafiyarsa.

Bayan jihadin da ya kawar da Sarki Alwali a wajajen 1807, manyan gidajen Fulani suka gaji sarautun yaƙi. Madaki, shugaban mahaya, ya zama na Yolawa. Makama na Joɓawa. Sarkin Bai, mai tsare bayan runduna, na Dambazawa. A cikin fada kuma akwai bayin sarki masu ƙarfin faɗa a ji, irin su Shamaki da ke kula da bargar dawaki. Galibin hakimai a cikin birni suke zaune, garuruwansu kuwa a warwatse suke a sassan ƙasar. Saboda haka idan sarki ya yanke shawarar fita, jakadu ne ke kai saƙo ga dagatai, dagatai su isar ga masu unguwanni, a sanar da ranar haɗuwa da wurin da za a kafa sansani.

Lokacin fita ma yana da ƙa'ida. Ba a son ɗauke manomi daga gona da damina, don haka yawancin yaƙe-yaƙe da rani ake yin su, bayan an kai amfani rumbu, hanyoyi sun bushe, rafuka sun janye. Kowa da guzurinsa yake tafiya, garin gero a burgami, ruwa a salka.

Rundunar ta kasu ne gwargwadon makami da kuma ƙarfin aljihu. A sama akwai 'yan lifida, waɗanda su da dawakinsu ke sanye da lifidin da aka cusa wa audugar rimi, mai hana kibiya huda jiki. Nauyinsu ya sa ba su da gudu, amma su ne katangar sarki, su ne kuma ake turawa su fasa sahun abokan gaba. Sai 'yan sulke, masu rigar ƙarfe wadda akasari ake kawowa ta hanyar Sahara, sannan sauran mahaya marasa nauyi masu mashi da takobi, waɗanda ke kai farmaki da bin masu gudu. A ƙasa kuwa akwai 'yan baka masu kibiya mai dafi, da masu garkuwa da mashi, da 'yan bindiga. Doki mai kyau daga Borno ko Azbin yake zuwa, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Shi ya sa basarake ke saya ya ɗora baransa a kai, yawan dawakin da ke bayansa ya zama ma'aunin darajarsa. Bayan kowane mahayi akwai masu yankan ciyawa, da maƙera masu gyaran linzami da tsinin mashi, da dukawa masu ɗinkin sirdi.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa sarki na iya fitar da mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Alƙaluman sun nuna cewa duk da ɗaukakar doki, mafi yawan mayaƙa manoma ne masu tafiya a ƙasa. Rabon ganima ma ya bi wannan bambanci: a mazhabar Malikiyya, bayan an fitar da humusi, mahayi yana samun kashi uku, biyu saboda dokinsa, mai ƙasa kuma kashi ɗaya.

Arewacin Kano ya ɗanɗani wannan tsari fiye da sau ɗaya. Da Ibrahim Dabo ya hau gado a 1819, ya shafe shekaru yana fafatawa da Ɗan Tunku, wanda ya kafa Kazaure, kuma garuruwan arewa ne suka zama filin daga. A ƙarshen shekarun 1890 kuma rundunar Damagaram ta kutso har Gezawa a zamanin Sarki Alu. Tsarin ya zo ƙarshe a 1903: Turawan Ingila suka ci birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, sannan a Kwatarkwashi mahayan da Waziri Ahmadu ya jagoranta suka yi karo da ruwan harsashi wanda lifidi ba ya tarewa, shi kansa Wazirin ya rasu a wurin.

Bayan 'yan shekaru Turawa suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi. Madaki ya zauna a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta, aikinsu ya koma tara haraji da riƙon jama'a. Jerin rundunar kuwa ya wanzu a hawan sallah. A Hawan Daushe da Hawan Nasarawa kowane hakimi na fitowa da tawagarsa a gurbin da ya gada, 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan bindiga da dawakin zage suna tafe a wurarensu, mahaya suna yin jafi a gaban sarki kamar yadda ake gabatar da kai kafin fita daga. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.